Kwanson Harsashin da Ya Ƙi Hawa Jirgi

Ta ɗauko kumatunki, Soling! Na gan ta, na ɗauke ta, ta yi hamma a ƙirjina, sai ga kumatun hagu ya lotsa daidai inda naki yake lotsawa! Kuma sunanki suka sa mata. Consolacion! Yanzu ku biyu ne a duniya, ni kuwa zuciya ɗaya gare ni. Ina zan sa kaina?

Af, ji ni fa, ko gaisuwa ban yi ba.

Zuwa ga abar ƙaunata, sanyin idona, ruwan farko a kan shinkafar da ta gaji da jira, mangwaron tsibirin Guimaras da ya nuna a jikin uwarsa, inuwar kwakwa ga mai dawowa daga gona. Ina kwananki? Ina gwiwoyi? Ina kajinki da kika fifita a kan tsohon mijinki? Minda 'yarmu tana lafiya, tana cin abinci kamar mai huce haushi, mijinta kuma sai washe baki yake yi, ka ce shi ya yi naƙudar.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san a waya ihu nake yi, ke kuma ki ce na fasa miki kunne. Ban da haka, ke ce kika tura ni ajin manya na yamma da furfurata, kika ce ba za ki bar duniya ba sai kin karɓi wasiƙar soyayya daga hannuna. To, ga ta. Sai dai akwai wata magana a cikinta wadda ta fi daɗin faɗa idan mutum yana nesa da tsintsiyarki. Ki zauna tukuna.

Layar ba ta iso Manila ba.

Kada ki yaga takardar, farin watana! Ba ta ɓata ba. Yaya za a yi in ɓatar da ita? Kin manta abin da take a wurina? Ni dai ban manta ranar bikin garinmu ba, da aka yi gasar harbi a bayan kasuwa, ina saurayi mai ji da kansa. Na saita farantin ƙarfe, na sa yatsa a kunamar bindiga, sai wata yarinya mai tallan wainar shinkafa ta yi dariya a bayana. Harsashi ya tafi neman uwarsa a gonar rake. Kwanson ya yi tsalle ya faɗi gaban ƙafarki, kika sunkuya kika ɗauka ba ki san da zafinsa ba. Wayyo, wannan ƙara da kika yi! Na jefar da gasar, na kama yatsunki ina hurawa, kina zagina ina hurawa. Na rasa kyauta a ranar, amma wa ya koma gida da abin da ya fi nawa? Kwanson nan kika huda, kika ɗinke shi a jan ƙyalle, kika maƙala wa kowane ɗa namu a riga saboda kambun baka da mayu, har suka yi ƙafa. Shi kika danƙa mini a bakin ƙofa kika ce in maƙala wa jaririya, tunda ke kin rantse ba za ki hau abin da ke yawo a sama babu ƙasa a ƙarƙashinsa ba. Kika kuma ja mini kunne: kada in kuskura in bi ta filin harbi.

Laifin Ambo ne, aminin nan nawa da kike kira ɓeran masallacin wasu. Shi ya ɗauke ni a motarsa, muna cikin tafiya sai ya karya kan mota.

Na ce, "Kai, Ambo, nan ba hanyar filin jirgi ba ce."

Ya ce, "Sallama kawai za ka yi da mutane, tsoho. Ko so kake a ce ka yi jika ka fara girman kai?"

Da muka isa filin harbi, duk tsofaffin ƙungiyarmu ta maharba suna nan. Suka ce sabon kaka ba ya tafiya sai ya buga wa jika gaisuwa. Na ce matata ta hana. Suka ce, "Ashe Soling ce ke riƙe da bindigar gidan!" Ke ma kin san namiji ba ya jin wannan ya wuce. Na karɓi bindiga. Soling, ban taɓa harbi irin na ranar ba! Kowane faranti sai da ya yi ƙara ya kwanta. Ina ma kina nan ki yi dariyar nan taki, ko na kuskure ɗaya in huta da alfahari. Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na ce shi ke nan, asiri ya rufu.

Ashe a filin jirgin sama akwai na'urar da ta fi ki hanci, in dai hakan zai yiwu.

Jakata ta wuce lafiya. Ina ɗaura bel ɗina, sai wata jami'a, wadda ba za ta girmi Minda ba, ta ce in miƙo hannu. Ta goga wani ɗan farin ƙyalle a tafina, da madaurin agogona, da bakin hannun rigata, ta tura shi cikin na'ura. Na'ura ta yi tsit kamar mai tunani, sannan ta ɗau kuka, ta kunna jar wuta. Duk layin ya juyo.

Ta ce, "Baba, me ka taɓa yau?"

Na ce, "'Yata, ban taɓa komai ba sai hannun matata da muna sallama."

Ta ce, "To, matar taka da albarushi aka yi ta?"

Na ce, "Da kin san ta, da ba ki tambaya ba."

Wani mai kaki a gefenta ya yi dariya har ya sarƙe. Ita kuwa ta cije leɓe ta ce, "Baba, a bar wasa. Ka je harbi ko ba ka je ba?" Na sunkuyar da kai, na ciro katin ƙungiya. Ta ce sabulu yana wanke hannu, amma ba ya wanke agogo da riga, kuma albarushi ba ya sakin mutum da wuri. Na ce mata wannan kam na daɗe da sani.

Suka shafa ni daga wuya har dunduniya, suka zazzage jakar. Ga busasshen kifinki, ga gasasshen burodi mai sukari, ga 'yan rigunan da kika ɗinka, ga gajeren wandona mai faci a gaban jama'ar birnin Iloilo gaba ɗaya. Can a ƙasa sai ga jan ƙulli. Ta matsa shi da yatsa, ta dube ni.

"Na jariri ne?"

Na ce, "Na jikata."

Ta ce, "Ni ma kakata ta maƙala mini irinsa. Amma ba zai hau jirgi ba, Baba, ko da babu komai a cikinsa. Ko dai ka jefa shi a akwatin can, ko ka fita ka ba wani naka. Ga shi kuma an fara kiran jirginku."

Na leƙa akwatin. Almakasai ne, da wuƙaƙen yanke farce, da tarkacen mutanen da ba su san juna ba. A nan zan jefa ranar da na same ki? A nan zan bar zafin da ya ƙone miki yatsa, da zazzaɓin 'ya'yanmu da ya kora? Jirgi ya tafi in zai tafi! Na bar mata jaka da kifi, na kwasa da gudu. Ni, Soling, da gwiwoyin nan! Na iske Ambo bai tafi ba, yana gindin bishiya yana zuƙar taliya mai romo. Na cusa masa ƙullin a aljihu na ce in ya ɓatar, ya fara haƙa kabarinsa, kuma kada ya kai miki sai wasiƙata ta riga shi.

Da na dawo ina haki, doka ta ce a sake gogawa. Na'ura ta sake kuka. Jami'ar ta ce, "Ga angon albarushi ya dawo! Wuce, Baba, ka gaida jikar taka." Ni ne na ƙarshen shiga, kowa yana harara ta, ni kuwa ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ga halin da ake ciki, hasken gidana. Jikarki tana kwance da riga babu laya. Minda ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, wannan camfin tsofaffi ne, amma na gan ta tana sake laluben jakata da ta ɗauka ba na kallo. Baƙi kuwa ba sa yankewa, kowa ya shigo sai ya ce kai, wannan yarinya da kyau take, gabana ya faɗi. Na kafa kujera a bakin gadonta kamar mai gadi, duk wanda ya yaba sai na sa shi ya shafa mata yawu a tafin ƙafa kamar yadda aka saba. Har surukarmu, uwar mijin Minda, ta fara kallona a karkace. Har yaushe tsoho ɗaya zai tare bakin Manila?

Ki zo, Soling. Ban ce ki hau sama ba. Jirgin ruwa yana nan, mai ɗaki da gado, ki kwanta ki tashi ki gan ni a bakin tasha da hulata a hannu. Ki nuna musu ƙullin tun a ƙofa, ki ba su labarinsa, na ga wanda zai iya musu da ke. Kaji ba za su mutu ba, ni ne nake ramewa. Shinkafar nan ba ta da ɗanɗano, kofi ba ya zafi, na juya in gaya miki wani abu sai in ga bango. Da ma can ba hannuna ya kamata ya maƙala layar nan ba. Hannun da ya ƙone a kanta, shi ya san inda ake sa ta.

Na yi miki alkawari ba zan ƙara zuwa filin harbi ba ranar tafiya. Sauran ranaku kuwa ma tattauna. Amma abin da na'urar nan ta gano, babu sabulun da zai fitar da shi. Tun ranar bikin nan kika kama ni, kin shiga fata, kin shiga ƙashi, kuma ko a ƙofar Aljanna aka goga mini ƙyallen nan, sunanki na'urar za ta kira.

Naki har ƙasa ta rufe ido,
Teofisto, Pistonki mai kuskuren saiti.

Kada ki zo ke kaɗai! Ki taho da ƙanwarki, da maƙwabta, da mai sayar miki da dusar kaji. Ki taho da Ambo ya ɗauki kaya, hukuncinsa ke nan. Ki gaya wa tsofaffin filin harbi su wanke hannu, su cire agogo, su biyo ki. Har jami'ar nan, in Ambo ya gan ta, ya ce ina gayyatarta. Ku zo duka, ku zo ku ga kumatun nan da idonku!