Dakalin Bayan Kantin Magani

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni. Ban saba kai kuka ba, ni ake kawo wa.

'Ya'yana huɗu, kuma ban raine su da wasa ba. Shekara talatin da ɗaya na yi da mahaifinsu kafin Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Kullum ina gaya wa matan cikinsu cewa ban taɓa taka ko'ina bai sani ba.

Babbar 'yata malamar adabi ce a sakandare, da mijinta da yara biyu. Tun tana ɗaliba na tsani tsofaffin gajerun labaran da take karantawa, na matan da aka yi wa komai amma idonsu na kan ƙofa. Kwanaki na je gidanta, na ga wani labari a kan teburin kicin, da rubutun hannunta. Wata mai buga takardu ce a ofis. Kullum in ta tashi aiki sai ta sauka daga bas tun kafin tashar unguwarsu, ta zauna a dakalin bayan kantin magani, ta cire takalma. Minti goma sha biyar, ba ta amsa kiran miji, ba ta amsa na yara. In ta isa gida ta ce bas ne ya makara.

Na yi wa 'yata faɗan rashin godiya a gaban mijinta, na ce auren ne ya ishe ta, na yaga takardun. Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce ba labarinta ba ne, nawa ne. Shekara uku tana hango ni in ta taso daga makaranta, sai ta canja hanya don kada in ji kunya.

Gaskiya tun shafin farko na gane dakalin.

Yanzu gidan duka nawa ne, ba mai duba mini agogo, amma ban ƙara sha'awar zuwa can ba. Daga ni sai ƙarar firiji. Sati biyar ba ta kira ba. Guntayen takardun suna cikin jakata. Amma uwa ce za ta ba 'ya haƙuri? Ai asirina ta tona.

Uwar Malama

*

Uwar Malama, Allah ya jiƙan maigida.

Kina da hujja ɗaya: ya kamata 'yarki ta nemi izininki kafin ta rubuta, kuma ki gaya mata haka. Amma ba ta tona miki asiri ba. Shekara da shekaru tana rufe shi, ke kika sa ta furta, a gaban surukinki kuma, bayan kin ɗora mata abin da kika san naki ne.

Matar da ta zauna minti goma sha biyar ta huta, sannan ta tashi ta tafi gida shekara talatin da ɗaya, ba ta ci amanar kowa ba. Laifin da ke kanki shi ne faɗan.

Ki sayi gam ki liƙe takardun. Ki fara da surukinki, ki gaya masa ba matarsa ake nufi ba. Sannan ki ba ta haƙuri, girmanki ba zai ragu ba. In dakalin yana nan, ki ce ta raka ki. Wannan karon kada ta canja hanya.

Allah ya daidaita tsakaninku.

Anti