Auta a Kan Gada

Litinin, 3 ga Maris
Sabon babin wasan da muke yi a waya ya fito. Ambaliya suka sa masa suna, kuma ba ƙarya: da zarar ka kaɗa ƙararrawar hasumiya, ruwa zai cinye Tsohon Birni a wayarka, ba dawowa. To, Auta fa? A wasan nan in ka fita, mutuminka yana nan zaune inda ka bar shi. Auta, ƙanina, ya bar nasa a kan gada da ƙugiya a hannu, ya ce mini yana zuwa, Mama ta aike shi. Mota ta buge shi a hanya, bara. Mutumin nasa har yau yana jiran kifi.

Ban kaɗa ba.

Talata, 4 ga Maris
Zauren hirar 'yan wasa na intanet ya kama da wuta. Wani ya ce marubutan ba su da imani, mutum ya yi shekaru yana gina gida su wanke shi da rana tsaka. Wata kuma wai kuka ta yi, ba a taɓa ba ta labari mai daɗin wannan ba. Ku yi ta yi! Ni kamfanin na rubuta wa, na roƙe su don Allah su bar gadar kawai. Na'ura ta amsa: "Mun gode da ra'ayinki."

Alhamis, 6 ga Maris
'Yan rukuninmu duk sun kaɗa. Al'adarmu ce kafin kowane yaƙi mu bi ta gada, kowa ya ajiye wa Auta kifi ɗaya, don yaron nan ko tarwaɗa bai taɓa kamawa ba. Yau ni kaɗai na ajiye. Tunda sun kaɗa ni ban kaɗa ba, a wasan ba sa ganina, ba na ganinsu. Direba, shugabanmu, ya kira. "Yaya, da ba kya nan ba mai warkar da mu, jiya dodon ruwa ya shimfiɗe mu kamar tabarma." Na ce su nemi wata. Sai ya ce, "Mu ma fa ƙaninmu ne." Na kashe wayar.

Asabar, 8 ga Maris
Na gwada shiga da sunansa in ɗauke shi daga gadar. Na yi ta cankar kalmar sirrinsa: sunan Mama, ranar haihuwarsa, har sunan yarinyar da yake ɓoye mini. Aka kulle asusun. Ko yana raye bai taɓa sauƙaƙa mini ba.

A shagon maganin da nake aiki na miƙa wa wata mata maganin tari maimakon na ido. Allah Ya sa Oga ya gani. Ya ce in je gida in huta, bai ko kalle ni ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Sanarwa: ranar Juma'a ruwa zai zo wa kowa, ka kaɗa ko ba ka kaɗa ba. Wayyo Allah, ban san inda zan sa kaina ba.

Laraba, 12 ga Maris
Mama, mai cewa wasan aikin banza ne, ta ce in nuna mata shi. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. "Ko hula bai sa ba," ta ce. Can kuma: "Ke kullum nan kike zuwa?" Na ce e. "Shi ya sa nake cin abinci ni kaɗai." Ta miƙo mini wayar, ta shige ɗaki.

Alhamis, 13 ga Maris
Na kaɗa. Ba don kowa ba, kawai ba zan yarda wani ya yi masa ba.

Ruwan a hankali ya taso, ban yi zaton haka ba. Gwiwa, ƙirji. Bai saki ƙugiyar ba. Ban kawar da kai ba, na yi kuka har da majina. Daga nan kwalekwale ya sauke ni a sabuwar gaɓa, sai ga su duka a tsaye. Ba wanda ya yi mini ta'aziyya, na ji daɗin haka. Direba ya ce, "Yaya, tsaya bayana." Mun kayar da dodon.

Labarin dai... ban ce ya yi kyau ba. Ina son in san wanda ya buɗe madatsar ruwan da ta jawo ambaliyar, shi ke nan.

Mama tana kirana, ta zuba abinci. Wayar a nan zan bar ta.