Ƙorafi Kan Manhajar Da Ta Zaunar Da Ni Ɗaki Ɗaya Da Maƙwabciyata

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Jarrabawa,
Hukumar Tantance Malaman Makarantun Renon Yara.

Daga:
Ɗaliba mai lambar jarrabawa 0416,
mazauniya gida na tara, hawa na biyu.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

Game da: Riƙe sakamakon jarrabawata bisa zargin haɗa baki da wata ɗaliba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon a ba ni dama in gabatar da kokena. Zan yi ƙoƙarin taƙaitawa, kodayake maigidana ya ce bai taɓa ganin ranar da na yi hakan ba.

1. Ranar Asabar, 5 ga Afrilu, na zana jarrabawar shaidar malanta daga gida ta intanet, kamar yadda Hukuma ta ba da izini a bana. A teburin kicin na zauna, kyamara a kunne. Maigida ya kwashe yara ya kai su gidan yayarsa, ba kowa tare da ni sai firijinmu da ke gurnani. Ranar 28 ga Afrilu wasiƙarku ta iso. Ta ce manhajar sa ido ta gano adireshin intanet ɗina yana rukuni ɗaya da na ɗaliba mai lamba 0562, don haka ana zargin wuri ɗaya muka zauna muna raɗa wa juna amsa, an kuma riƙe sakamakonmu mu duka.

2. Ranka ya daɗe, ɗaliba mai lamba 0562 maƙwabciyata ce ta hawa na uku, barandarta a saitin tawa. A duk benenmu da za a ce a nuna mutum biyu da ba za su taɓa haɗa baki ba, mu za a fara nunawa. Ba ta matse wanki. Tana shanya zannuwan gado suna zubar da ruwa kan kayana da suka kusa bushewa, har yarana suka sa mata Anti Ruwan Sama, ni kuma ban hana su ba. Tun ranar da na yi mata magana ta ce in ina son bushewa in koma hawa na ƙarshe, ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa mu ba. In muka haɗu a matakala, ita ta kalli bango, ni in kalli waya. Mai shara shaida ne, mai gyaran famfo ma shaida ne, don ya taɓa shiga tsakani ya fita da jiƙaƙƙiyar riga. Ban ma san tana karatun malanta ba sai da na ga sunanta a wasiƙarku. Da zan ga amsarta kwance a ƙasa a wancan lokacin, wallahi akasinta zan rubuta.

3. Da kaina ya ɗaure, sai na kira ƙanwata, wadda aikinta ke nan rubuta manhajoji. Ta karanta wasiƙar, ta yi dariya har da riƙe ciki, sai da na tuna mata ni ce babba. Sannan ta yi mini bayani, kuma ina roƙon a yi haƙuri in maimaita shi, don a nan matsalar take. Adireshin intanet lambobi ne kashi huɗu da ɗigo a tsakani. Nawa a ranar jarrabawa 203.0.113.41 ne, na maƙwabciyata kuma, kamar yadda na gano daga baya, 203.0.113.187. Kashi ukun farko iri ɗaya ne saboda kamfani ɗaya ke ba duk benen intanet, daga rukuni ɗaya yake yanko wa kowane gida nasa. Kashi na huɗun shi ke raba gida da gida. A ƙasan wasiƙarku an rubuta 203.0.113.0/24. Ƙanwata ta ce wannan 24 da ke bayan karkatacciyar sandar nan, umarni ne ga manhaja cewa ta dubi kashi ukun farko kawai, ta kau da kai daga na huɗun. Wato adireshi ɗari biyu da hamsin da shida ta tattara ta kira su ɗaki ɗaya. Kamar mai kai saƙo ne ya karanta sunan titi, ya ƙi duba lambar ƙofa.

Don adalci, ƙanwata ta ce wanda ya tsara hakan ba wawa ba ne. A da, lokacin da ake zana jarrabawa a zaurukan Hukuma, kowane zaure da rukuninsa, rukuni ɗaya kuwa ɗaki ɗaya ne da gaske. Da aka buɗe ƙofar zanawa daga gida sai aka kwafo tsohon tsarin yadda yake, ba wanda ya waiwayi lambar nan. Ta ce ita ma ta taɓa yin irinsa a wurin aikinta, wai duk 'yan sana'arsu sun sha wannan ɗacin. Na ce mata sun sha ko sun shayar.

4. Ranar Talata, 6 ga Mayu, na zo ofishinku da wannan bayani. Ma'aikacin taga ta biyu ya saurare ni da ladabi, ba zan yi masa ƙazafi ba, amma ya ce na'ura ba ta ƙarya. Na ce ban ce ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta shi ta amsa, tambayar ce ba ta yi ba. Ya ce to in kawo shaida daga kamfanin intanet cewa layinmu daban-daban ne. Na je kamfanin. Suka ce ba sa bayyana adireshin wani ga wani, sai mu biyun mun zo tare, kowa da katin shaidarsa.

5. Saboda haka, Ranka ya daɗe, Hukumarku ta sa ni abin da mai gidan hayarmu ya kasa sa ni: na hau hawa na uku. Na tsaya a ƙofarta ina shirya fuska, kafin in ƙwanƙwasa sai ga ta ta buɗe, mayafi a kafaɗa, irin wasiƙata a hannu, idanu jawur. Ashe saukowa za ta yi wurina. Muka tsaya muna kallon juna. Ta ce in shigo, shayi bai huce ba. Na shiga, na ga barandarta ƙarama ce ƙwarai, ga tagwaye masu fitsarin kwance, ga wuyan hannunta na dama ɗaure da bandeji, ciwon da ya daɗe yana hana ta matse komai. Na ji kunya. Washegari muka tafi kamfanin a mota ɗaya, kuma shaidarsu tana maƙale da wannan takarda.

6. Abin da ya sa nake gaggawa shi ne wannan. Na daɗe ina mataimakiyar malama, ina share majina, ina ɗaure igiyar takalmi, ina fita daga aji duk lokacin da iyaye suka zo magana da malama ta gaske. Shugabar makarantarmu ta ware mini aji nawa na kaina, da sharaɗin in kai mata sakamako kafin Litinin, 2 ga Yuni. In ranar ta wuce za ta ɗauki wata, kuma ba ta da laifi. Na riga na yanka taurarin kwali na rubuta sunan kowane yaro, suna cikin leda a saman firiji. 'Yata ta gaya wa duk ƙawayenta. Da ta ga kalmar maguɗi a wasiƙarku ta tambaye ni ma'anarta, sai na tura ta ɗauko mini ruwa. Wannan kalma ta yi mini ciwo fiye da yadda takardar ofis za ta iya ɗauka.

Bisa haka nake roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi:

Na ɗaya, a sa mutum mai ido ya kalli bidiyon kyamarorinmu, ya kwatanta amsoshinmu. Zai ga kicin biyu ne, nata ma ya fi nawa tsabta.

Na biyu, a saki sakamakona da na ɗaliba mai lamba 0562 kafin 2 ga Yuni, a kuma goge zargin daga fayil ɗinmu.

Na uku, a umarci masu kula da manhajar su gyara lambar nan ta yadda za ta riƙa karanta adireshi har ƙarshensa, don ba mu kaɗai ke zaune a bene ba.

In kuwa Hukuma ta dage sai mun sake zanawa, to gaskiya ta tilasta mini in sanar da cewa yanzu tare muke karatu, ni ce ma ke matse mata wanki. Abin da manhajarku ta zarge mu da shi ranar 5 ga Afrilu babu shi a ranar, ita ta ƙulla shi daga baya. Ina roƙon a yi mana hukunci da ranar da muka zana jarrabawa, lokacin muna gaba da juna tsakani da Allah.

Ina godiya da lokacin da aka ba kokena. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira.

Taka mai biyayya,
Ɗaliba mai lamba 0416, hawa na biyu.

Na karanta, na amince, ban da batun wanki:
Ɗaliba mai lamba 0562, hawa na uku.

Ƙarin bayani: ita ta nemi ta sa hannu a ƙasan nawa. Ta ce ta daɗe a samana, yau ta sauko.