Ludayin Inna da Masarar da Ta Ɗauki Ɗanta a Ka

Zuwa ga Baba, Malam na Ƙarfi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'imarSa. Mu nan lafiya lau. Damina ta zauna sosai bana, masarar bayan gida ta fi ni tsawo, Inna kuma tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwar nan da ka sani.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Amma shekara shida ke nan da rasuwarka, ban taɓa samun labarin da na ƙagu in ba ka kamar wannan ba, don kai kaɗai za ka yi masa dariyar da ta dace. Masu bibiyar shafin nan su yi haƙuri, yau da Baba nake magana.

Har yanzu ina koyar da aji huɗu a firamaren nan ta hanyar Kafur, inda ka bar ni. Yara sun ƙaru, littattafai ba su ƙaru ba. Littafin aikin gona guda ɗaya ne a ajin, shi ma nawa ne, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Rabin lokacin darasi a kwafar rubutu daga allo yake tafiya, na baya kuma ba su ma hango allon.

Ka tuna Esta, ɗiyar Baba Emeka mai shagon kayan gini a Funtua, wadda kake cewa ta fi mu iya habaici? Ita ke koyar da Turanci a makarantarmu yanzu. Ita ta nuna min wata manhaja a waya, irin wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Kar sunan ya ba ka tsoro. Ka ɗauka wani magatakarda ne zaune a cikin wayar, ba ya gajiya, ba ya neman izinin zuwa cin abinci. Ka gaya masa aji da darasin da kake so, kafin ka kurɓi ruwa ya tsara maka bayani da tambayoyi, har da hoto. Aikin da kake yi da rula da jan biro tun daga azahar har inuwa ta juya.

Na ga mafita. Na ce zan riƙa tsara darasi da shi, in buga a takarda, kowane benci ya samu tasa, yara su daina wuyan raƙumi suna leƙen allo.

Malam Lawal, tsohon ɗalibinka, shi ne hedimasta yanzu, kuma ya gaji taurin kanka kaf. Da na kai masa maganar, cewa ya yi malamin da waya ke rubuta wa darasi, wayar ya kamata a damƙa wa ajin. Da kyar Esta ta taya ni muka shawo kansa. Ya ba ni darasi biyu na gwaji, zai zauna a bayan aji ya gani da idonsa. In abin bai yi ba, a koma allo, kar ya sake jin zancen.

Darasi na farko kan masara ne. Baba, ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura. Bayanin ya fito tsaf, hoton kore shar, na duba sama-sama na ce wannan ai ko a birnin Katsina sai haka. Na kai shagon kwamfuta a Malumfashi aka buga min, na shiga aji ina taku ɗai-ɗai.

Na raba takardu. Aji ya yi tsit, sai ƙus-ƙus, sai dariya ta ɓarke tun daga gaba har baya. Wata yarinya Hauwa'u ta ɗaga hannu cikin ladabi ta tambaye ni ko masarar wace ƙasa ce wannan. Sai a lokacin na kalli hoton da kyau. Magatakardan nawa ya ɗora wa masara 'ya'yanta a can ƙololuwa, kamar zangarniyar dawa. 'Ya'yan manoma na miƙa wa wannan, yaran da suka ratso ta cikin gonar masara kafin su iso makaranta.

Malam Lawal ya cire tabarau, ya kalli gonar da ke jikin tagar ajin, ya kalli takardar, ya kalle ni. Da zai fita ya ce saura ɗaya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe alli.

Na dawo gida ina jin haushin wayar, ko da yake na san ba ita ta hana ni buɗe ido ba. Na jawo akwatin ƙarfenka na fito da tsofaffin littattafan darasinka, da niyyar in kwafi naka in huta. Ina buɗawa na sake ganin abin nan da nake gani tun ina ƙarama ban taɓa tambaya ba: ɗan zanen ludayi a ƙasan kowane shafi. Na kai wa Inna na ce mene ne wannan.

Ta yi dariya har da share ido da bakin zane. Ta ce ashe duk zaman da nake yi kusa da ku ban san abin da ake yi ba.

Sai komai ya dawo min. Bayan la'asar, kana kan tabarma a gindin darbejiya, littafi a cinya, kana karanta darasin gobe da ƙarfi. Inna na gefe tana dama fura. Ni na ɗauka muryarka kake gyarawa. Ashe ita kake karanta wa. In ta ji abin da bai zauna ba, sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin ƙwarya, ka tsaya ka gyara. In darasi ya wuce ba ƙwanƙwasa, ka zana ludayin a ƙasa. Na tuna kana cewa, "Abin da bai wuce kunnen Innarku ba, ba ya shiga ajina." Wallahi na zaci tsokanarta kake yi, don ba ta taɓa zama a benci ba. Na manta ɗiyar manoman Dandume ce, ta san gona tun kafin ka san alli.

Na nuna mata hoton masarar. Ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "Yo wannan wace irin uwa ce ta ɗauki ɗanta a ka? Masara ai goyo take yi."

Darasi na biyu kan adana hatsi ne. Wannan karon na zauna na yi wa magatakardan bayani kamar baƙo: nan Malumfashi ne, muna noma masara da dawa da wake, muna da rumbu da buhu, yaran 'yan shekara tara ne zuwa goma. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, ban rage masa ba. Sannan na shimfiɗa tabarmarka a gindin darbejiya na ce Inna ta kawo ƙwaryarta.

Sau uku ludayin ya yi ƙara. Magatakardan ya ce a tabbatar hatsi ya bushe, bai faɗi yadda ake ganewa ba. Inna ta ce a ciji ƙwaya, in ta ce ƙaras ta bushe, in ta lotsa a mayar da ita rana. Ya manta ba a ajiye buhu a ƙasa sai an sa itace a ƙarƙashi. Bai kuma san ana zuba toka a wake ba. Duk kuskuren da na gaya masa sai ya ba da haƙuri ya gyara nan take. Inna ta ce, "Tau, bai taɓa riƙe fartanya ba, amma yana da ladabi. Ki riƙe shi." Da muka gama na ɗauki biro na zana ludayi a ƙasan takardar.

Ranar gwajin na tafi da masara iri biyu a leda, ta bara da ɗanya. Kowane benci da takardarsa, kowane yaro da ƙwayarsa, aji ya cika da ƙaras-ƙaras. Hauwa'u ta karanta sakin layi na biyu ita kaɗai, na can baya ma suna bi da yatsa. Na waiga na ga Malam Lawal shi ma ya saci ƙwaya ɗaya yana ciza.

Bayan an tashi ya kira ni ofis, takardar na hannunsa, yatsansa a kan ludayin. Ya ce shekara uku yana ɗaukar maka littafi zuwa aji, kullum yana ganin zanen nan, bai taɓa samun ƙarfin halin tambayarka ba. Na gaya masa. Sannan ya ce in ci gaba, amma duk takardar da ba ludayi kar ta shiga aji. Ya ce in gaida Inna.

Yanzu kowane benci na da takarda, Baba. Esta ma ta fara biyo ni gida da nata darussan, tana fassara wa Inna misalan, suna ta musu kan ko yaron ƙauye ya taɓa ganin jirgin ruwa.

Abin da na fi so ka sani shi ne wannan. Tun da ka tafi Inna ba ta ƙara zama a gindin darbejiyar nan ba, mu kuma muka ce ciwon gwiwa ne. Yanzu da an yi la'asar ita ke shimfiɗa tabarmar da kanta, in na yi jinkiri ta ƙwala min kira. Jiya da na gama karantawa ta ce, "Kin fi Malam sauri, amma ya fi ki murya." Sai ta ci gaba da dama furarta. Shekara shida ba wanda ya karanta mata komai, ina cikin gidan ban lura ba. Ka yafe min wannan.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa kowane harafi da ka koyar ya zame maka haske. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, Ya bar mana ita da ludayinta. Amin.

Ɗiyarka mai kewarka,
Saratu