Tafkin Mangwaron Baba

Asabar, 6 ga Oktoba, 1962
An gama haƙa tafkin a ƙasan lambunmu na Kebbe, zurfinsa ya wuce tsayina. Kafaɗuna kamar an yi mini dukan tsiya.

Bari in rubuta dalili, don kada in karaya. Iska ta kayar da mangwaron Baba da damina, wata huɗu bayan rasuwarsa. Ƙwallayen da na tsinta a gindinsa, goma sha biyu suka tsiro. Su ke nan, babu wasu. Ƙoramar bayan lambu takan ƙafe cikin Nuwamba, rijiya ta bi ta a Maris. In ban tara ruwa yanzu ba, bazara za ta cinye su.

Lahadi, 14 ga Oktoba
Siminti ya iso daga Tambuwal. Na sa an sassaƙo marmara murabba'i, na jera ta tun daga ƙasa har baki da igiya da ma'auni, yadda aka koya mana a makarantar aikin gona. Ja wur, gwanin kyau. Na kewaye da shingen ƙaya saboda shanu.

Yaya Attahiru ya biyo da jakinsa, ya tsaya ya leƙa. "Malam, marmara shan ruwa takai." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ce akwai siminti. Ya kaɗa jaki ya wuce.

Malam yake ce mini yanzu, ba Armaya'u ba. Tun ranar sadakar bakwai ta Baba, da bakina ya zarce na kira nomansa noman duhun kai a gaban mutane. Daga ranar sai gaisuwa. Ni dai gaskiya na faɗa. Ina jin.

Litinin, 22 ga Oktoba
Na fasa hanya daga ƙorama. Tafki ya cika fal!

Laraba, 24 ga Oktoba
Ruwan ya sauka kamu ɗaya. Wataƙila rana ce.

Juma'a, 26 ga Oktoba
Ba rana ba ce. Simintin ya tsattsage, marmara ta shanye sauran. Sai taɓo a ƙasa. Matata Hinde ta kawo mini fura, ta leƙa ta ce, "Malam, har kwaɗin sun yi ƙaura." Matar nan ba ta san lokacin wasa ba. Na yi dariya don kada in yi wani abin.

Ƙorama ta fara sirancewa. Na ƙirga tsiron sau biyu, kamar wani zai gudu. Tsoro nake ji, wallahi.

Lahadi, 28 ga Oktoba
Sau uku ina wucewa ta ƙofar zauren Yaya, a na huɗu na yi sallama. Na shirya jawabi tun daga gida, bai bari na fara ba. Yana tufkar igiya, ko kai bai ɗaga ba.

"Gobe da hantsi ka kwance shingen ga."

Na ce, Yaya, ai shanu za su shiga.

"Su nika so."

Alhamis, 1 ga Nuwamba
Kwana huɗu ban taɓa alƙalami ba. Mun ɓamɓare marmarata kaf, muka tara gefe. Yaya ya sa aka zaftare ɓangare ɗaya ya zama gangare. Jakuna suka yi ta jigilar yumɓu daga bakin fadama, aka shimfiɗa, aka jiƙa. Sai ga Namadi, Bafulatanin da ke kiwo bayan gari, da shanu wajen ashirin. Aka kora su ciki, suka yi ta zagaye suna tattaka yumɓun har ya yi kirtif, kashinsu ma ya shiga ciki. Yaya ya ce haka tabkunan daji ke riƙon ruwa, babu wanda ya kai musu siminti.

Ni da rabin aikina na malamin gona a hukumar En'e korar shanu daga lambuna ne, yau ni ne da sanda ina roƙonsu su shiga. Namadi ya gane ni sarai. Bara na kai ƙararsa wurin hakimi. Ya dube ni, ya dubi shanun, ya ce, "Malam, yau babu takarda?"

Lahadi, 4 ga Nuwamba
Jeren dutse. Ba sassaƙaƙƙe ba, falalen duwatsun ƙorama masu santsi. Manya a ƙasa, kowane ya hau kan biyu, duk a jingine da bango, ba a tsaye ba. Tsakaninsu a cusa yumɓu da dunduniya. Yaya ba ya awo. Sai ya juya dutse sau biyu a hannu, ya ajiye, ya zauna daram kamar can aka halicce shi. Nawa sau uku yana cirewa.

Ya dubi ƙafata ya ce, "Da takalmi kaka shiga taɓo?" Na cire, na rataye a reshe. Rabon da in taka ƙasar lambun nan da ƙafa tun ina elemantare.

Da muka kai baki, sama da inda ruwa zai tsaya, sai na ga yana ɗauko marmarata yana jerawa. Ya ce, "Nan ba ta ɓarna. Kuma tana da kyau." Na juya na yi kamar ina neman igiya.

Litinin, 5 ga Nuwamba
Mun sako ruwa. Ƙoramar da ƙyar take tafiya. Na kafa kara, na yi masa tsaga daidai bakin ruwa.

Asabar, 10 ga Nuwamba
Yatsa biyu kawai ya sauka cikin kwana biyar. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi! Na zauna kan marmara na yi ajiyar zuciya har Hinde ta tambaya ko lafiya. Yau na ci tuwo malmala uku.

Juma'a, 22 ga Maris, 1963
Rijiya ta ƙafe. Tafki na nan har ƙugu. Tsiro goma sha biyu, duk da sabon ganye.

Juma'a, 17 ga Mayu
Ruwan farko ya sauka da la'asar, muna lambu. Sun tsira, dukansu.

Na ce wa Yaya shida nasa ne. Bai yi godiya ba, ya tsuguna yana zaɓen masu ƙarfi ya tura mini, yana ɗaukar ƙanana. Ban ba shi haƙuri ba, ban ga lokacin da ya dace ba. A rahoton da na aika Tambuwal dai na rubuta yadda ake daɓe tafki da shanu, na sa sunansa a sama. Wannan aikin ofis ne kawai.

Da zai tafi ya waiwayo ya ce, "Armaya'u, ɗauko takalminka, ruwa na dukan su."

Ashe tun safe suna rataye a reshe, ban ko tuna ba.