Waiwayen Tussa

Tromsø, farkon Janairu

Yaya Oddvar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar nan taka ta yi sauƙi. Na rubuto ne tunda wayarka ta zama kayan ado.

Ka san duk Asabar ina ɗaukar hotuna a gidan da ake ajiye dabbobin da ba su da masu su. Hoto ne ke samo musu gida: mutum ya ga ido biyu a shafinmu, zuciyarsa ta karye, ya zo. To akwai wata karya, Tussa, baƙa wuluk, da aka kawo daga wani gidan karnukan jan keken ƙanƙara da aka rufe. Na kwanta mata a ƙasa, na ɓoye kyamara cikin rigar sanyi, na yi kukan kyanwa har ma'aikata suna dariya. Ƙeya da jela kawai na samu. Ba ta kallon fuskar mutum ko kaɗan.

Ragnhild, shugabar gidan, ta ce idan sanyi ya wuce ba wanda ya neme ta, likita zai yi mata allurar da ba a tashi, don tsoro yana cinye ta a keji. Ka riƙe mini ita na ɗan lokaci, ko ta saki jiki in samu fuskarta. Gidanka shiru, kai ma ba kallon mutane kake yi ba. Za ku daidaita.

Ƙanwarka,
Torunn

Alta, ƙarshen Janairu

Zuwa ga ƙanwata Torunn,

Bayan gaisuwa, gwiwa da sauƙi. Direba ya kawo ta lafiya.

Labarin babu daɗi. Na shimfiɗa mata bargon ulu kusa da murhu, na dafa mata kifi. Ta shige ƙarƙashin gado tana haki, sai na bar ɗakin take ci, shi ma kaɗan. Idan na miƙa hannu sai ta manne da bango. Maƙwabciyata Borghild ta shigo shan kofi, ta leƙa ƙarƙashin gadon, ta ce ashe na samu wadda ta fi ni gudun baƙi.

Direban ya bar mini ɗamarar da ake ɗaura mata wajen ja. Na jefa ta rumbun itace. Na ɗauki alkawari a gidana ba za ta ƙara jan komai ba, wahalar da ta sha ta isa.

Kada ki sa rai da yawa. Ki gaida yara.

Yayanki,
Oddvar

Alta, Fabrairu

Torunn,

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya da hantsi na fitar da ita tsakar gida da doguwar igiya, na jawo keken sulu, wannan mai kujerar da nake turawa zuwa kanti. Ƙarafunansa suna taɓa ƙanƙara ta ɗaga kunne. Ban taɓa ganin kunnuwan a tsaye ba, ban ma san haka suke da tsawo ba. Ta zagayo gaban keken, ta ba ni baya, ta miƙe har igiya ta ɗaure, jikinta na tsuma. Sai ta yi wani kuka siriri mai tsawo. Ban san tana da murya ba.

Na daɗe a tsaye. Daga baya na je rumbun itace na karya alkawarina. Ita da kanta ta cusa kai cikin ɗamarar, ta ɗaga mini ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar. Wannan hannun da take gudu ne ya ɗaure ta, ko motsi ba ta yi ba.

Na haɗa igiyarta da keken, na hau bayansa na tsaya. Ban san me na faɗa ba, sai na ga gidan Borghild ya wuce. Muka gangara bakin kogi. Rana, wadda ta dawo mana kwanan nan bayan dogon duhun hunturu, ta ɗan leƙo bisa duwatsu, dusar ƙanƙara ta yi ja-ja, ba ka jin komai sai numfashinta da shuuu na ƙarfe. Ba gudun tsoro take yi ba, Torunn. Bayanta a miƙe, ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. Shekarata nawa a kan hanyar nan, ban san haka take ba.

Inda hanya ta rabu biyu, wajen tsohon gidan kwale-kwale, ta rage gudu, ta waiwayo ta kafaɗa. Ta kalle ni cikin ido. Ba ta kawar da kai ba. Jira take in faɗa mata.

Na ce, "Dama."

Ta yi dama.

Idonta ɗaya ruwan ƙasa ne, ɗayan fari-fari kamar ƙanƙarar kogi. Kin sani?

Da muka dawo ta cinye kwanonta a gabana, ta haƙa rami cikin dusar ƙanƙara ta kwanta, ta rufe hanci da jela. Murhun nan nawa azaba ce gare ta. Ki zo da kyamararki. Ta bayanta za ki zauna, a kujerar keken.

Yayanki,
Oddvar

Tromsø, farkon Maris

Yaya,

Na iso lafiya, sai ciwon ƙugu, don ba ka faɗa mini kujerar keken nan katako ce zalla ba. Na gode da wainar, duk da ka ƙona ta.

Ga hoton cikin ambulan. Ka san a wajen ban ga komai sosai ba, yatsuna sun ƙage, dannawa kawai na yi da muka kai mararrabar. Sai da na buɗe shi a gida na rasa bakin magana. Raɓa ta daskare a gashin bakinta, tururi na tashi daga bayanta, kogin duka yana can gabanta fari fat. Shekaru ina bin dabbobi a keji ina roƙon su kalle ni. Wannan ba roƙonta aka yi ba, ita ce take tambaya.

Ragnhild ta riƙe hoton, sannan ta tambaye ni ko na tabbata karyar nan ce. Ta ce maganar allura ta wuce, da wannan hoton kafin mako ya ƙare za a yi rububinta. Litinin za mu sa shi a shafi, kai kuma ka huta, ka samu ƙarƙashin gadonka.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ka duba idon da kyau. Ina zaune a kujera, kyamara a fuskata, amma ba ni take kallo ba. Sama da kaina take kallo, inda kake tsaye.

Ƙanwarka mai ciwon ƙugu,
Torunn

Alta, Maris

Torunn,

Gaisuwa. Hoton ya zo, na duba.

Ki ce wa Ragnhild kada ta sa shi. Na fara ƙera wa Tussa ɗan ɗaki a tsakar gida, ƙofarsa na kallon kogi.

Sai kin zo.

Oddvar