Kukan Birkin Malami

Ingila, 9 ga Janairu, 1996

Zuwa ga Babana, Malam Arzika bakanike, Bagudo.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina Inna da Yaya Sambo? Ina fatan kowa lafiya.

Baba, awon birkin gingimarin Malami direba da ka aiko ya iso. Na zuba shi cikin kwamfuta, ta gina birkin a cikinta, ta yi ta taka shi ba tare da mota ta motsa ba. Aikina ke nan, a san birkin da zai yi kuka tun ba a ƙera shi ba. Ta ce na Malami zai yi ƙara siririya idan motar na ɗauke da kaya tana tafiya a hankali. Don Allah ka gwada mini, ka saurara. Idan ta yi gaskiya, babin ƙarshe na littafin digirina ya tsaya da ƙafarsa, kuma sunanka zan sa a kansa.

'Yarka, Asma'u.

Bagudo, 11 ga Fabrairu

Ɗiyata Asma'u, Allah shi yi miki albarka. Muna lafiya.

To, akwatin naki ya shara ƙarya. Ranar kasuwar Dole Kaina Malami ya lafta buhun albasa, na zauna bisa bencina gindin darbejiya, ya wuce gabana sau uku yana taka birki. Tsit kake ji, ko sauro ya fi shi magana.

Tun shekarar da aka sauke tutar Bature nake wanga aiki. Mota tana fitowa daga iyakar Binin, tun ba ta shigo gari ba nake faɗin abin da ke damunta. Yau akwatin da bai taɓa shan baƙin mai ba zai koya mini? Ki gaishe shi, ki ce ya zo ya yi mini shekara uku yana wankin sifana.

Ki ci abinci, hotonki duk wuya ne.

Babanki.

Ingila, 2 ga Afrilu

Yaya Sambo, gaisuwa da fatan alheri.

Ban iya gaya wa Baba wannan ba. Mako shida ina neman kuskurena, na bi lissafin nan layi-layi har idona ya yi ja, ban same shi ba. Amma kunnen Baba bai taɓa ƙarya ba, ka sani. Na ce wa malamina a cire babin. Ya ce idan an cire, sai na ƙara shekara. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma gara haka da in rubuta abin da ba shi ne ba.

Ƙanwarka.

Bagudo, 28 ga Afrilu

Asma'u, salamu alaikum. Kada ki cire komai.

Ina wurin ranar gwajin. Wallahi birkin nan ya yi kukan da jakunan masu ruwa suka watse, wata mata ta toshe kunnen goyonta. Baba yana zaune yana murmushi, ya ɗaga wa Malami hannu wai lafiya lau. Malami ya dube ni, na dubi ƙasa.

Ya fi shekara yanzu da jinsa ya ragu. Magana yana ji, in an ɗaga murya kaɗan. Ƙara siririya ce ta ɓace masa: kukan 'yan tsaki, usur ɗin 'yan tasha, birki. Wa zai buɗe baki ya gaya masa? Duk direbobin garin nan a hannunsa suka tashi. Sukan kawo mota gabansa, ya saurara, ya ce a tafi, su yi godiya, sannan su zaga bayan tasha wurin Lauwali, wanda ya koyi aiki a wurinsa, ya gyara a ɓoye. Inna ta hana mu magana, wai in ya sani bencin nan ma ba zai sake zama ba.

Na yi zaton kunya ce muke yi masa. Ban san za ta ci miki shekara ba. Ki yafe mana.

Yayanki, Sambo.

Ingila, 20 ga Mayu

Babana, gaisuwa da ladabi.

Akwatina ya karɓi gaisuwarka, amma yana da taurin kai, ban san inda ya gado shi ba. Yana roƙon gwaji ɗaya kawai. Ka ɗaure murfin gwangwani tam a jikin ƙarfen da ke bayan birkin, ka zuba ƙwayar gero kaɗan a kai. Malami ya ja motar a hankali da kayanta, kai kuma ka bi ta a ƙafa, idonka a kan geron. Idan birki na kuka, ƙarfen zai yi kyarma, geron zai yi tsalle. Idan ya kwanta shiru, na yarda ka kayar da mu.

Kai nake so ka duba da kanka, Baba, ba wani ba. Abin da ka gani shi zan rubuta. Ina kewarka.

Asma'u.

Bagudo, 23 ga Yuni

Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka.

Geron ya yi rawa. Sau uku na sa aka sake, sau uku yana tsalle, ni kuwa ban ji komai ba. Da na ɗaga kai na ga duk 'yan tasha sun sunkuyar da nasu. Na tambayi Sambo tun yaushe, ya faɗa mini.

Yanzu Lauwali ya dawo da kayan aikinsa gindin darbejiya. Shi ke ji, ni ke faɗin abin da za a kwance. Murfin gwangwanin yana aljihuna.

Ki bar babinki yadda yake, ki ba akwatin haƙuri. In kin dawo ki zauna ta hannuna na hagu, kunnen wannan gefen ne mai sauran ji. Ki ɗaga murya, kada ki ji kunyata. Ina so in ji duka.

Babanki, Arzika.